MAGANAR WUTA DA ITACE: WA YA ƊAURE HANNUN ƘARAMAR HUKUMA?

Ga jawabin da aka yi wa wakilan rassan Jam'iyya a wurin lacca. Mun buga shi duka saboda 'yan'uwa na ƙauyuka da ba su sami halarta ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.



An umurce ni in yi magana yau a kan wuta. To, wuta iri biyu ce a gidan talaka, akwai ta gani, akwai ta dafuwa, kuma dukansu biyu sun zama abin wuya a ƙasar nan. Masana sun raɗa wa wannan hali suna, su kan ce da shi talaucin makamashi. Mu kam ba sai an fassara mana ba, domin a cikinsa mu ke kwana mu ke tashi. Shi ne halin ungozomar da ta ke karɓar haihuwa a asibitin ƙauye da tocilan a baki. Shi ne halin telan da ya jingine kekensa na lantarki ya koma na ƙafa, da mai walda da ya zauna rana ta faɗi bai ɗiga ko ƙarfe ɗaya ba, da matar da idanunta su ka yi ja saboda hura ɗanyen itace.

A shekarar 2021 Bankin Duniya ya ce mutum miliyan 85 a Nijeriya ba su da lantarki, watau kashi 43 cikin ɗari na jama'ar ƙasa, kuma babu wata ƙasa a duniya da ta kai mu yawan marasa wuta. Mafi yawansu mutanen karkara ne, kuma kun san wane sashe na ƙasar nan ya fi ɗaukar kaso mai tsoka. Ku lura da wani abu. Wanda ba shi da wuta ya fi mai wuta biyan kuɗin wuta. Zai biya a caja masa waya, ya sayi batir, ya biya niƙa da tsada domin injin da man gas ya ke aiki, ya sayi ƙanƙara in yana so ya sayar da zoɓo. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haye naira 1,000. Ƙananan janareto da yawa su ka yi shiru. Kananzir kuwa tuni ya fi ƙarfin mai risho, gas ya fi ƙarfin mai albashi, sai kowa ya koma wa gawayi da itace da kara.

In tiransifoma ta ƙone a gari, ina mutane su ke zuwa? Ba su san hanyar Abuja ba. Gidan kansila za su cika, daga nan su ɗunguma sakatariya wurin ciyaman. Kuma suna da gaskiya, domin mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, ƙaramar hukuma ita ce gwamnatin da talaka ya ke iya kaiwa da ƙafa. Muna da su 774 a ƙasar nan, 44 a Jihar Kano kaɗai. To me ya sa duk yawan nan nasu ba su iya fitar da mu daga duhu ba?

Bari in koma baya kaɗan, saboda samari. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta kafa injin ruwa da na lantarki a Challawa da kuɗin baitulmalinta. Hukumar gargajiya ce ta gari guda, amma ita ke da injin, ita ke da ma'aikata, ita ke karɓar kuɗin wuta. Kada wani ya fita daga nan ya ce na yabi mulkin En'e. Zaluncinta ne ya sa a ka kafa NEPU a 1950, kuma Malam Aminu Kano da mutanensa sun sha ɗauri da duka a kan neman talaka ya sami bakin magana a cikinta. Wutar ma ba ta wuce birni da unguwar Turawa ba. Abin da na ke so ku riƙe shi ne, akwai lokacin da hukumar gari ta ke da ikon yin wutar kanta. Da a ka kafa hukumar lantarki ta ƙasa, ECN, a 1950, sai ta karɓe injunan. A ka gama madatsar Kainji a 1968, a ka haɗa komai a ƙarƙashin NEPA a 1972, a ka sauya mata suna a 2005, sa'an nan a watan Nuwamba 2013 a ka sayar wa 'yan kasuwa kamfanonin rarraba wutar. Duk wannan doguwar tafiya, ikon sama ya ke ta yi, bai taɓa saukowa ƙasa ba.

Ku buɗe Tsarin Mulkin 1999 ku duba jerin ayyukan da a ka ba ƙaramar hukuma. Za ku ga kasuwa, da tashar mota, da mayanka, da maƙabarta, da rajistar haihuwa da mutuwa, har da lasin keke da amalanke da kwalekwale. Maganar wuta fa? Fitilun titi, shi ke nan. A watan Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran Tsarin Mulki wanda ya ba jihohi iko su samar da lantarki su rarraba, a watan Yuni na shekarar kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki. Madalla, an sauko da ikon mataki guda. Amma a hannun Gwamna ya tsaya.

Saboda haka ga abin da ya ke faruwa. Mutanen gari su yi karo-karo, ko ciyaman ya ji kunyarsu ya yanko wani abu, a sayo tiransifoma da turaku da waya. Kafin a jona, sai an rubuta takarda cewa an bar wa kamfani kayan kyauta. Ran da a ka jona, kayan sun zama na kamfani, sa'an nan kamfani ya aiko da takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi, domin babu mita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Alhali hukumar da ke lura da harkar lantarki, NERC, ta sha faɗa cewa sayen tiransifoma da turaku aikin kamfani ne. In ta sake ƙonewa, ciyaman ba shi da ikon tilasta wa kamfani ya gyara, ba shi kuma da ikon taɓa ta da kansa. Roƙo zai je yi kamar kowa. Ko a watan Afrilu 2024, da a ka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane ma'auni bisa alkawarin awa 20 a rana, babu wanda ya nemi shawarar ƙaramar hukuma a kan wace unguwa za ta shiga wane rukuni. Kuma ɗan kasuwa in wutar ta yi kaɗan, kun san layin da zai fara ba.

Yanzu mu zo kan kuɗi, domin nan ne gizo ya ke saƙar.

A rabon arzikin ƙasa na wata-wata, Gwamnatin Tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Kashi ɗaya cikin biyar ke nan da ɗoriya, ba kuɗi kaɗan ba ne. Amma sashe na 162 na Tsarin Mulki ya ce a zuba kason nasu a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Sunan da daɗi, haɗin gwiwa. A aikace kuwa irin haɗin gwiwar kura da akuya ne. Kuɗin su shiga asusu, a cire na malaman firamare, a cire na fansho, a cire na masarautu, a cire na wani aiki da a ka ce na haɗaka ne wanda ciyaman bai san ranar da a ka ba da kwangilarsa ba, abin da ya rage a miƙa masa ya biya albashi, ya kuma sa hannu cewa ya karɓi duka. To wanda bai san abin da zai samu a watan gobe ba, yaya zai ƙulla yarjejeniyar shekara goma da kamfanin sola? Wane banki zai ranta masa? Harkar wuta kuwa harka ce ta dogon zango, ana kashe kuɗi da yawa yau, a ci amfaninsu a hankali cikin shekaru.

An yi yunƙurin kwance wannan ɗauri. A 2019 hukumar da ke bin sawun kuɗi, NFIU, ta fitar da ƙa'ida a kan asusun ƙananan hukumomi, har ta hana cire tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana. Gwamnoni su ka garzaya kotu. Sa'an nan ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya, Lateef Fagbemi, ya kai gwamnoni 36. Ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓen shugaba ya saɓa wa Tsarin Mulki. Mu ka yi murna, har wasu su ka ce an 'yanta bawa. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Shekara guda cur bayan hukuncin, a watan Yuli 2025, jaridu suna ta ba da labarin cewa kuɗin suna nan suna bi ta hannun jihohi, ana ta kafa kwamiti, ana ta maganar buɗe asusu a Babban Banki.

Ko da ma kuɗin sun zo kai tsaye, wa zai karɓa? Da kotu ta hana kantoma, sai jihohi su ka yi ta rige-rigen shirya zaɓe, kuma hukumar zaɓe ta jiha Gwamna ne ke naɗa ta. A watan Oktoba 2024 jam'iyyar da ke mulkin Kano a lokacin ta cinye kujerun ciyaman 44 duka. Wadda ke mulkin Kaduna ta cinye 23 duka, wadda ke mulkin Jigawa ta cinye 27 duka. A lokacin ba jam'iyya ɗaya ba ce ke mulkin jihohin nan uku, saboda haka ciwon ya game gida, kuma duk ranar da Allah ya ba mu mulki ku riƙe mu da wannan magana. Ciyaman da Gwamna ya ɗora, Gwamna zai duba. In an ce masa ya maido da kuɗin da su ka shigo, da gudu zai maido, har ya yi godiya.

Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan abin da ya ke saura a hannun ƙananan hukumomi, me su ke yi da shi a kan wuta? Fitilun sola na titi. Ba na ƙin fitilar titi, mai shayi da mai tsire da 'yan makarantar dare suna cin amfaninta. Sai dai ku bi hanyoyin garuruwanmu da dare ku ƙidaya turakun da ke tsaye da waɗanda ke ci. Farantin sola yana son a share masa ƙura, balle da hunturu. Batir kuwa zafin bazara yana rage masa kwana, bayan 'yan shekaru tilas a sake shi. Wa zai share, wa zai sake? Je ka sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ka nemi ma'aikacin da ya san gyaran sola, ko tsanin da zai hau, ko kuɗin man babur da zai kai shi ƙauye. A kasafi akwai kuɗin saye, babu na gyara, domin sabon turke a ke yanka wa kyalle a ɗauki hoto, kuma a sabuwar kwangila a ke samun kashi goma. Gyaran batir ba ya kawo ko ɗaya. Wannan cuta daga sama ta gangaro. Ƙungiyar BudgIT mai bin diddigin kasafi ta ce a kasafin Tarayya na 2025 'yan majalisa sun cusa ayyukan fitilun titi 1,477 na kuɗi fiye da naira biliyan 393. Ana kafa su a ƙasar ƙaramar hukuma, sau da yawa ba tare da an sanar da ita ba, ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi, in sun mutu kuma ita za a zaga.

Da a ce rabin wannan kuɗi asibitocin ƙauye a ka kai shi, da firjin allurar rigakafi bai mutu ba, da rijiyar burtsatse ta ba da ruwa ba tare da an nemi man gas ba.

Akwai hukumar kai lantarki karkara ta Tarayya, REA, kuma ban ce ba ta yi komai ba. Ta sa sola a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ta kafa tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero a 2019. A watan Disamba 2023 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 750 domin a kai wa mutum miliyan 17 da rabi wuta ta hanyar sola da ƙananan tashoshi na gari-gari. Tsarin shi ne a tallafa wa kamfani, ya kafa tasha a ƙauye, ya sa mita, ya riƙa sayar da wuta. Dabara ce mai kyau, ga ta kuma ba ta dogara da babban layi ba. Kun tuna watan Oktoba 2024, da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace a hannun ɓarayin daji, na Ugwuaji zuwa Apir kuma ya faɗi, jihohin Arewa su ka yi fiye da mako cikin duhu. Garin da ke da tasharsa ta sola bai san an yi ba.

To amma kamfani riba ya zo nema. Zai zaɓi gari mai kasuwa, mai injin niƙa da na casar shinkafa, inda ya san za a sha wutar da rana a biya. Ruga da ƙauyen gida talatin ba za su gan shi ba, balle inda hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, kamar wasu sassa na Zamfara da Katsina. A nan ne ƙaramar hukuma ta ke da aikin da babu mai iya yi sai ita. Ita za ta ba da fili ba tare da rigima ba, ita za ta zauna da dagaci da masu unguwa a daidaita farashi, ita za ta ce wa kamfani, ga asibitina, ga makarantata, ga famfona, ni zan sayi wutarsu kowane wata, kai kuma ka ja waya zuwa gidajen talakawa. Kamfani in ya sami babban mai saye tabbatacce zai shiga ƙauyen da da ba zai kalla ba. Amma wane kamfani zai yarda da alkawarin hukumar da albashi ma ya ke gagararta? A Abuja kanta, ƙarƙashin hancin Gwamnatin Tarayya, malaman firamare sun yi fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 domin ƙananan hukumomin birnin ba su biya su sabon albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 ba.

Iyayenmu mata, na ga kuna duban juna, kuna cewa har yanzu bai zo kan murhu ba. Na zo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 a duniya a shekarar 2020, kuma mata da yaran da ke goye su ne a bakin murhu. Akwai murhu na zamani mai cin itace kaɗan, maƙeranmu da maginan tukwane za su iya yin sa in an koya musu. Maimakon haka me a ka yi? A watan Nuwamba 2014 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 9.2 domin a sayo murhu 750,000 a raba wa matan karkara. Maganar ta ƙare cikin rigima tsakanin ma'aikatar da ɗan kwangila. Wadda ta sami nata a cikinku ta ɗaga hannu. To kun gani.

Ko da an kawo kayan, da wace takarda za a raba? Rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006. Ƙaramar hukuma ba ta da rajistar gidajen da ke da wuta da waɗanda ba su da ita, ba ta san mai dafuwa da kara ba, ba ta san mai gas ba. In kayan rabo sun zo, sai a ba kansila, kansila ya ba shugaban jam'iyya na mazaɓa, shi kuma ya rubuta matansa da 'yan'uwan matansa. Kashegari ka ga kayan a kasuwa. Gwauruwar da a ka yi abin dominta ko labari ba ta ji ba, don ba ta da kati.

Itacen ma ƙarewa ya ke yi. Dattawa sun tuna gandun daji na En'e da malaman daji, sun kuma tuna tarar da a ke ci wa talaka in ya sari reshe. Mun ƙi wannan zalunci, har gobe muna ƙin sa. Amma da a ka kawar da malamin daji ba a kawo wani abu a madadinsa ba. Manyan motoci ke fita da gawayi, yarinya kuma ta yi tafiyar rabin yini kafin ta haɗa dami guda, ranar kuwa ba ta je makaranta ba. Dazuzzuka irin su Rugu sun zama mafakar ɓarayi. Shuka gandun itacen girki a kowace gunduma ba ya bukatar izinin Abuja, ba ya bukatar dala. Fili ne, da irin dalbejiya, da mai ban ruwa na shekara biyu, da amana.

Abin da Jam'iyyarmu ta tsaya a kai a bayyane ya ke. A cika hukuncin Kotun Ƙoli, kuɗin ƙaramar hukuma su shiga hannunta. A karɓe zaɓenta daga hannun hukumar da Gwamna ya naɗa. Jihar da ta karɓi ikon lantarki a ƙarƙashin dokar 2023 ta rubuta a dokarta abin da ƙaramar hukuma za ta iya yi da kanta, kuma tiransifomar da jama'a su ka saya a rage musu kuɗinta daga kuɗin wuta. Kada a sake kafa turke ko ɗaya sai an ware kuɗin gyaransa, an kuma koya wa yaran garin aikin.

Kafin a kai can, ga aikin da na ke roƙon kowane reshe ya fara a makon nan. Ku sami littafi, ku bi mazaɓarku unguwa-unguwa, ku rubuta fitilun titi nawa ne, nawa ke ci, tiransifoma nawa ta ƙone kuma tun yaushe, wane asibiti ke kwana cikin duhu. Abin da a ke ware wa kowace ƙaramar hukuma a wata ana buga shi, sakatarenmu zai aiko muku da na garinku. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayani ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa iko ya tambayi hukuma a rubuce, ita kuma ta amsa cikin kwana bakwai. Ku rubuta wa ciyaman cikin ladabi, ku tambaye shi nawa ya shigo hannunsa, nawa ya kashe a kan wuta, wa a ka ba kwangila. Ku tabbata an buga muku hatimi a kwafin takardar, ku riƙe shi. In ya amsa, ku kawo amsar mu buga a jarida. In bai amsa ba, ku kawo kwafin mai hatimi, shi ma za mu buga.